Hakin Gona da Camfinsa a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya ratsa ƙasar da ke tsakanin Tasawa da Mayahi a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya kai ƙugu kuma aka ɗora hauya a kan maimai, in dai mai lura ne, zai ga gona ta haɗe da gona tun daga bayan gari har inda ido ya gaza, babu saura, babu kurmi, babu makiyaya sai burtali siriri wanda shi ma garmani ya mamaye. Kuma da wuya ya gaskata, in an gaya masa, cewa a zamanin da bai wuce na kakanninmu ba daji ne ya yi wa gonakin nan ƙawanya, har manomi yakan ɗauki kansa baƙon da aka ba aron wuri, wanda ya wajaba ya san masu gida ya kuma kiyaye haddinsu. Masu gidan nan, a itiƙadin mutanen da, su ne iskoki, alamarsu ta zahiri kuwa ita ce itatuwa da saiwoyi da haki, waɗanda ba wanda ya shuka su amma ba su taɓa saɓa lokacin fitowarsu ba.

Ya kamata a tuna cewa wannan yanki bai shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yi arewa suka kafu a Maraɗi, daga baya wani reshe nasu ya zauna a Tasawa. Kuma ko da yake Musulunci ya daɗe da kafuwa a fada da kasuwa da tsangaya, ƙauyukan Anna, wato Hausawan da ba su musulunta ba, sun ci gaba da riƙe gadonsu har tsakiyar ƙarni na 20 ba tare da wani ya tsananta musu ba. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana nazarin mutanen kwarin Maraɗi har ya fitar da babban littafinsa a 1975, ya tarar ana buɗin daji a farkon shekara, ana yi wa Uwar Gona yanka, ana naɗa sarkin noma ga wanda ya tara dami dubu ya rabar. A irin wannan duniya babu tsiron da ake kira na banza. Kowane ɗaya yana da mai shi, yana da abin da yake so da abin da yake ƙi, yana da sa'ar da ake taɓa shi da sa'ar da ake kauce masa.

Tsamiya ita ce kan gaba. Ba a sare ta, ba a zuba ruwan zafi a gindinta, yaro ba ya hawanta da tsakar rana ko da almuru, kuma mai sassabe, in ya iso gare ta, sai ya kewaye ya bar mata filinta ko da a tsakiyar gona take. Gawo kuma darajarsa ta wata fuska ce, domin saɓanin da ya yi wa sauran itatuwa, na zubar da ganye da damina da yin kore shar da rani, ya sa aka ɗauke shi icce mai asiri. Har ana riwaito cewa sarakunan Damagaram, maƙwabtanmu na gabas, sun kafa hukunci mai tsanani a ƙarni na 19 a kan wanda duk ya sare shi. Asirin kuwa, da aka bincika, a fili yake: ganyen da ya zubar a farkon ruwa yakan ruɓe ya zama taki, rassansa ba su tare wa hatsi rana, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobi kuma suna wuni a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashinsu. Manomin da bai taɓa jin sunan sinadari ba ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta ko'ina nauyi, sai dai ya jingina wannan falala ga wanda yake zaton yana zaune a cikin iccen.

Ƙananan tsirrai ma ba a bar su haka nan ba. Boka ko 'yar mai ganye, in sun fita ɗibar magani, ba su faɗa wa tsiro da sara kamar mai neman itacen wuta. Sai an yi masa sallama, an faɗi buƙata, an ajiye 'yan ƙwayoyin hatsi ko kuɗi kaɗan a gindinsa, sa'an nan a ɗebi saiwar gabas ko sassaƙen yamma gwargwadon abin da aka gada, a mayar da ƙasa a rufe ramin. Kauci, wanda ke tsira a kan reshen wani icce ba tare da ya taɓa ƙasa ba, shi ya fi kowa yawan sharuɗɗa, domin kaucin kowane icce da abin da ake nema da shi, wannan na farin jini, wancan na kasuwa, wani na tsarin jiki, kuma akan ce in ya faɗi ƙasa wajen cira to ya karye. Tsuntsu ne ke kai irinsa bisa reshe, wannan ba shakka a cikinsa. Amma sharaɗin nan na kada a ɗebi fiye da buƙata, a kuma rufe saiwar da aka tona, shi ya sa iccen magani guda yakan yi wa ƙauye hidima tun daga kaka har jika. Tumfafiya kuwa tsoronta da ƙyamarta suka haɗu: ana rataya ta don kore maye, ana hana yara wasa da ita saboda nononta yana lalata ido, wanda gaskiya ne tsantsa, kuma macen da aka ga tana girki da itacenta an san babu ta kai mata iyaka.

Amma in ana son a ga yadda jahilci da hikima suke kwana a ɗaki ɗaya, to a dubi ƙuduji. Ga hatsi ya fito lafiya, an yi noman fari, ruwa bai yanke ba, ƙasa da laimarta. Sai a wayi gari wani sashe na gona ya tsaya cak, ganye ya yi rawaya ya naɗe, kara ya ƙi tsawo, alhali babu tsutsa, babu fara, babu abin da ido zai kama. Sai bayan makonni tsiron ya ɓullo a gindin hatsin da furensa ja-ja mai ban sha'awa, lokacin da ɓarna ta riga ta auku. Wane hukunci mai hankali zai yanke, in bai ga abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa ba, face ya ce sammu ne, ko bakin mutane, ko wani maƙiyi ya bi dare ya watsa masa? Da yawa an yi gaba tsakanin 'yan uwa a kan wannan zato, kuma wannan zalunci ne wanda ba a neman masa uzuri. Ilmin zamani ya bayyana cewa tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana ƙwarai har iska da kofaton dabba da bakin hauya suna ɗaukarsu, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba, kuma ba su tsira sai sun ji saiwar hatsi ko dawa a kusa, sa'an nan su manne mata su yi ta tsotsa tun kafin su ga rana. To, a dubi abin da na ji daga bakin dattawa a kan maganinsa: a tuge shi tun bai yi fure ba, a fitar da shi daga gona a ƙone, kada a shiga gona mai lafiya da hauyar da ta fito daga mai cuta sai an karkaɗe ta, a ba Bafulatani 'yan damma ya sauka da shanunsa a wurin da rani, in kuma abin ya faskara a bar gonar ta huta. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da malamin gona na yau zai soke, domin ƙuduji abokin gajiyayyar ƙasa ne, taki kuma maƙiyinsa. Sun yi kuskure a wajen sababi, sun dace a wajen magani, kuma tajriba ce ta shekaru aru-aru ta kai su, ba wahayi ba.

Akwai kuma wani babi wanda maza ba su cika ambatonsa ba, domin na mata ne. Abin da namiji ke kira haki yana kai masa hauya, sau da yawa shi ne cefanen matarsa: tafasa, da yaɗiya, da gasaya, da lalo, da yoɗo, da rukuɓu, waɗanda ke fitowa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. Manomin kirki yakan karkatar da hauyarsa in ya iso gindin yoɗo, ba don an umurce shi ba, sai don ya san daga nan miyar darensa za ta fito. Ƙa'idar da kowa ya yarda da ita kuwa ita ce abin da Allah ya shuka ba na kowa ba ne, saboda haka mace tana shiga gonar wanda ba ta sani ba ta cika ƙwaryarta da ganye, a dafa a matse a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono, ba mai ce mata don me. Haka shibra, hatsin nan da ke fitowa da kansa a cikin na shuka, mai saurin nuna da saurin zubewa, wanda mai gona ke ƙi don yana ɓata iri amma yake kau da kai a bar wa gwauruwa da maraya su tsinta kafin kaka.

A shekarun yunwa ne wannan ilmi yake nuna ƙimarsa. A Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yunwar 1984 wadda mutane suka laƙaba wa El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da ta zo tare da ita, har zuwa matsin 2005 da ya cika gidajen jinyar yara na Maraɗi, abin da ya tsaya tsakanin gidaje da yawa da kabari shi ne sanin tsohuwa: yadda ake sussukar ƙarangiya a raba tsabarta da ƙaya, yadda ake tona gidan tururuwa a kwashe abin da ta tara, da yadda ake sarrafa anza. Ita anza aikinta ba na mai gaggawa ba ne. A tsinko 'ya'yan, a shanya, a fasa a fitar da ƙwayar, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, ana ɗanɗanawa a bakin harshe, har ɗacin nan mai sa ciwo ya fita sarai, kana a dafa ta ta zama dilo. Wadda ta gajarta kwanakin don kukan yara ya dame ta, ita ce za ta kwana tana jinyarsu. Ganyenta kuma akan shimfiɗa shi a rumbu don ƙwari. Duk da haka cin anza abin kunya ne a wurin mutane, ana yi ana ɓoyewa, kuma abin da ake ɓoyewa ba ya daɗewa a hannun zuriya.

Kada mai karatu ya zaci malamai sun tsaya a gefe guda suna kallo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi inkari mai ƙarfi, a cikin Nurul Albabi, ga masu girmama itatuwa da duwatsu da yanka, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi a kan ɗibbu da amfanin tsirrai, kuma Sunna da kanta ta zo da wanke mamaci da ganyen magarya, ta kuma yabi irin ganyen da muke kira filasko wajen wankin ciki. Saboda haka malamin ƙauye da boka daji ɗaya suke shiga, sau da yawa gindin icce ɗaya suke tona. Abin da ya raba su shi ne wa aka jingina wa tasiri, shin tsiron sababi ne da Allah ya sanya wa amfani, ko kuwa mazaunin wani ne da ake roƙo. Wannan bambanci mai kyau ne, kuma da an riƙe shi da an huta.

Sauyi bai zo ta ƙofa ɗaya ba. Gyaɗa ce ta fara, tun zamanin Faransawa, da harajin da ba a biya sai da kuɗi, sa'an nan bayan samun mulkin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, kowa ya faɗa daji da gatari. Garmar shanu ta biyo baya, ita kuwa ba ta shiri da kututture, har malaman gona suka riƙa koyar da cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka share tas. Dokar daji ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, sun mayar da manyan itatuwa dukiyar hukuma, ta yadda mutum zai biya tara don ya sare reshen gawon da ke tsakiyar gonar ubansa. Sakamakon haka, wanda masu dokar ba su hanga ba, shi ne manomi ya koyi kashe icce tun yana tsiro, kafin ya girma ya jawo masa ma'aikacin daji. A kan wannan duka jama'a ta yi ta ninkuwa, har ƙidayar 2012 ta sami Tasawa da Mayahi kowacce ta haura mutum 500,000, saura ta ƙare, gandu ya tsattsage ya koma 'yan gonaki. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, sai suka tarar da ƙasa tsirara: iska tana binne shuka da rairayi, a sake shuka ta sake binnewa, Gulbin Kaba kuma, wanda goriba ta ba shi suna, aka yi ta yankar kabarsa tun tana ƙasa ba a bari ta tashi.

Ta ɗaya ƙofar kuma wa'azi ya ƙaru, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da isowar da'awarta Maraɗi ta hanyar 'yan kasuwa da ɗalibai, makarantar boko ita ma tana nata aikin a cikin harshen da babu sabara ko kalgo a littattafansa. Jikokin Anna suka musulunta, aka daina yanka a gindin tsamiya, aka daina buɗin daji a mafi yawan wurare, saurayi ya ɗauki gatari ya sare iccen da kakansa ba ya iya nunawa da yatsa, ya kwana lafiya, ya tabbatar wa kansa babu komai a ciki. Ni ba na cikin masu kukan wannan, domin tsoron abin da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa bauta ce, kuma 'yantuwa daga gare ta ni'ima ce. Abin da nake ganin an yi sakaci a kansa shi ne ba a tsaya an sheƙe ba, aka kwashe tsaba da ƙaiƙayi aka zubar gaba ɗaya. Wanda ya daina yi wa tsiro sallama ya daina rufe saiwarsa, wanda ya daina tsoron tsamiya bai sami wani dalili da zai hana shi sare ta ba, alhali dalilin yana nan a cikin shari'ar da ya koma gare ta, wadda ta hana ɓarna a bayan ƙasa ta kuma sanya dashen icce cikin sadaka.

Ba mu kaɗai muka bi ta wannan hanya ba. Manoman ƙasar Ailan, can yammacin Ingila, su ma suna da wata ƙaya mai farin fure wadda, in ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar gona, ba mai sare ta don tsoron aljannu, har a 1999 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan wata guda a yankin Clare sai da masu gina babbar hanya suka bar ta a tsaye. Suna da wani haki mai rawayan fure da ke kashe doki da saniya, wanda suka ce aljannu na hawansa da dare, kuma dokar 1936 ta wajabta wa manomi ya kawar da shi. A babbar yunwarsu da ta fara a 1845 su ma hakin gona suka ci. Inda suka sha bamban da mu shi ne a 1937 da 1938 hukumarsu ta sa yaran makaranta fiye da 50,000 su je wurin tsofaffin garuruwansu su rubuto abin da suka ji, aka adana, yana nan ana karantawa har yau. Namu kuwa, mafi yawan abin da aka rubuta, kamar aikin da Anne Luxereau da Bernard Roussel suka fitar a 1997 a kan yankin Maraɗi, da Faransanci yake, a ɗakunan karatun da jikar mai ganyen ba za ta taɓa shiga ba.

Itatuwa dai sun dawo, kuma labarin dawowarsu sananne ne. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan kumbura-kumburan da ake sassabewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda in an zaɓi reshe biyu ko uku aka bari aka datse sauran za su tashi da sauri fiye da dashe. Yunwar 1984 ta sa mutane suka gwada, da farko don abincin da ake bayarwa, daga baya don sun ga amfani. Abin ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye da sunan sassaben zamani, garuruwa irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka yi suna a kansa, har masu bincike suka ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dokar karkara ta 1993, da ta daji ta 2004, da ƙudurin 2020, suka bi baya suna tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan abin da ya raina. Yau mai tsaron gawo shi ne mai gonar da kwamitin gari, kuma tara ce ake tsoro. Har sabara, wadda aka sani da hayaƙin mura da wankan jego, wani bincike da aka yi a Senegal aka buga a 2018 ya nuna tana jawo ruwa daga zurfin ƙasa da dare, hatsin da ke kusa da ita ya sha.

Ƙananan tsirran ne ba su sami mai tsaya musu ba, saboda isnadinsu ta hannun mata yake bi, kuma a nan ne ya yanke. Da ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar mace ce aka fara karɓewa. Yarinyar da a da take bin kakarta gona tana koyon bambanta ganyen ci da mai kashewa, yanzu tana gida ko makaranta ko talla. Maganin feshi da ke shigowa daga kasuwannin Najeriya ba ya tambayar wanne ne harƙiya wanne ne tafasa. Haki da kansa ya zama haja: da an gama girbi sai a bi gona da manjagara a kwashe ƙarangiya da gadagi da komayya, a ɗora bisa amalanke a kai kasuwa ko a jibge a kan reshen icce har bazara ta yi tsanani kuɗinsa ya hau, kuma wadda ta shiga gonar wani da ƙwarya ba izini tana iya jin magana. A makiyaya da burtali kuwa garmani, wanda dabba ba ta ci sai ta rasa yadda za ta yi, ya kore sauran ciyayi ya zauna, har ma'aikatu da ƙungiyoyi suna biyan mutanen gari kuɗi su tuge shi kafin ya zubar da iri, sa'an nan a watsa irin ƙyasuwa da komayya da ƙarangiya a gurbinsa, irin da ake aunawa da tiya a saya daga hannun waɗanda suka tara.